Yadda Na Yi wa Ɗana Taki

Kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan wannan labari. Wawa kuma mai takarda, domin na yi ajin yaƙi da jahilci har na kai ina karanta rubutun jikin buhu.

Ɗana na uku yana tuƙa adaidaita a wajen Ungogo. Ya bar gida siriri kamar karan gero. Da ya dawo taya ni dashen shinkafa a Watari, wuya ya haɗe da kafaɗa, hannuwa sun ƙi sauka gefen jiki, yana tafiya kamar mai ƙurji a hamata. Wai ɗaga ƙarfe yake yi. Ashe bayan ƙarfen akwai wata allurar kumbura jiki da suke sossoka wa juna a cinya a bayan gareji. Wuyansa duk ƙuraje masu ruwa, guminsa kuwa ko bunsuru ya shafa masa lafiya. Tir.

Rana ta take, kowa ya tuɓe riga a gona, shi ya ƙi. Da rigar ta jiƙe ta manne sai na ga dalili. Ƙirjin ɗana ya tsiro abu biyu, reto-reto, kamar hantsar akuya. Ga shi an sa ranar aurensa bayan girbi. In zancen ya shiga kasuwar Tsanyawa, surukai za su ji kafin mu iso gida.

Na ja shi gindin kuka. “Kai, mene ne wannan?”

“Baba, allurar ce. Abokaina sun ce sinadarin mata ne ya yi yawa a jikina, in na sha ƙwayar zinki zai sauka.”

“Kana sha?”

“Wata biyu ke nan.”

Ya zaro kwalba daga aljihu, ƙwayoyi ƙanana kamar kashin ɓera. Na karanta sunan a hankali, da yatsa, sai na ji kaina ya fasu. Ai na san zinki! Malamin gona ya taɓa kawo mana farin garin zinki, in shinkafa ta yi ja ta tsugune a barbaɗa mata, kafin ka ankara ta miƙe kore shar. Har lokacin ina da sauran rabin buhu a ɗakin taki. Da muka koma gida na jera kwalba da buhu, na gwada baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Su ne. Sai na yanke hukunci irin na masana: maganin daidai ne, awon ne ya yi kaɗan. Ina ƙato kamar wannan, ina kashin ɓera?

Da safe na karɓi kunun tsamiyarsa daga hannun uwarsa, na ce yau ni zan kai masa. Ta dube ni, don tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kai wa kowa kunu ba. A zaure na zuba cokali biyu na garin buhun a ciki, na ƙara na uku saboda alheri.

Abin da ya biyo baya ba na so in tuna. Amai ya yi a tabarma, ya yi a bango, ya cika min takalmin Juma’a. Kaji suka shigo suna tsattsaga. Ƙaton da nake tsoron ya murƙushe ni ga shi a ƙasa yana birgima riƙe da ciki, yana kiran Inna. Mutum huɗu suka cicciɓe shi zuwa mota, direba na toshe hanci.

A asibiti aka ɗaura masa ruwa. Likitar, wata matashiya mai tabarau, da ta ji abin da ya sha, ta ce, “Baba, wa ya ba shi?”

Na tsaya nazarin fankar sama.

Ta ce jiki in an cusa masa sinadarin maza fiye da kima, shi da kansa yake juya wani ya koma na mata, ƙirji ya kumbura. Zinkin kwalba ma ba ta da tabbacin yana hana wannan muddin ana allurar, na buhu kuwa na kusa kashe shi da shi. Ta ce ya daina allura kawai, a jira a gani. In ƙirjin bai koma ba, sai an yi masa aiki.

Ya daina. Ya sace kamar tayar keke, ƙirjin ya ragu amma bai tafi duka ba, dole muka roƙi surukai aka ɗaga auren zuwa wata kakar, muka ce ciwon ciki ne. Ba mu yi ƙarya ba.

Rannan a tsakar gida, da na ga yana cin tuwo da hannunsa, na gyara murya na ce, “A dai faɗi gaskiya, ba don garin zinkin nan ba, da har yanzu yana soka wa kansa allura. Kuma shinkafa da shi ta miƙe, kowa shaida ne.”

Uwarsa ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba. Ta ce, “To Malam, tunda shinkafa na haifa maka, ɗauke shi ka kai Watari ka dasa. Sauran garin kuma na ajiye, gobe ni zan dama maka kunu.”