Ranar da Baba Ya Yi Wa Tarwaɗa da Karfasa Shari'a

Ko da zan tsufa in fara manta sunayen 'ya'yana, ba na jin zan manta ranar da na ga mahaifina yana wasan barkwanci. Wanda bai san shi ba zai ce, to mene ne a ciki? Baba malamin gona ne a Haɗejiya, mutum ne da ko murmushinsa sai an yi sa'a ake gani. In ya yi sallama da yamma, har kajin gidanmu sai su nutsu.

Ni kuwa Allah ya yi ni da kwaikwayon mutane. In na ji muryar mutum sau ɗaya, ta zauna ke nan. Mai tallan daddawa, shugabar makarantarmu, maƙwabcinmu mai yawan mita, duk ina da su. Wata rana Baba ya tarar da ni a tsakar gida ina yi wa yayyena kwaikwayon, suna ta birgima don dariya. Bai dake ni ba. Ya dai ce, “Kada in sake gani.” Abin ya tsaya mini a rai. Me ya sa ya tsani wasa haka? Ni kuma a ina na samo shi? Da na tambayi Inna sai ta ce, “Tambayi ubanki,” alhali ta san ba zan iya ba.

Shekarar da na gama sakandare, ana tsakiyar damina, aka aiko cewa Gwaggo, yayar Baba da ke wani ƙauye gaba da Kirikasamma, tana kwance. Tun rasuwar mijinta ta daina magana, yanzu kuma kwana huɗu ke nan ba ta sa komai a bakinta sai ruwa. Baba ya ce in shirya mu tafi tare. Daga Kirikasamma sai da muka shiga kwale-kwale, don ruwa ya cinye hanya.

Mun isa da hantsi. Muka same ta ta juya wa bango fuska, duk ta ƙare. Matar ɗanta ta kawo kunu, ko kallonsa ba ta yi ba. Baba ya ce, “Yaya, ni ne.” Ya zauna a bakin gadon, kansa a sunkuye. Can ya ɗago ya tambayi matar ɗan, “Jakar nan ta Tsoho tana nan?” Kakanmu yake nufi.

Aka jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin gado. Ni dai na zuba ido. Ya fito da takobin katako, da wata 'yar ganga, da guntun tsohon taru na kamun kifi. Ina kallo Baba ya cire hularsa, ya naɗa tarun nan kamar rawani, ya harɗe a ƙasa, ya buga gangar sau uku. Da wata murya mai kauri da ban taɓa ji ba ya ce, “Kotu ta zauna! Karfasa, mece ce ƙararki?”

Sai ya siranta murya, ya karkace baki. “Allah ya gafarta Malam, tarwaɗa na kawo ƙara. Mace ce, amma tana yawo da gashin baki, tana firgita mini 'ya'ya.”

Ya juya ɗaya gefen yana shafa gashin bakin da babu. “Ni ko gashin baki gare ni, ban taɓa shaƙe kowa ba. A tambaye ta wa ya maƙale wa mai unguwa a wuya ranar sunan jikarsa!”

Matar ɗan Gwaggo ta toshe baki da mayafi. Maƙwabta suka fara leƙowa. Ni ko dariyar ma ta ƙi zuwa, kallonsa kawai nake ina tambayar kaina ko wannan ubana ne. Ya gyara rawani ya ce, “Wannan shari'a tana da wuya. A soyo mini su duka biyun in ɗanɗana gaskiyar kowa.”

A nan ne muka ji wata 'yar murya daga jikin bango. “Ka tsallake gaiwa.”

Gwaggo ce, ba ta ko juyo ba. “Gaiwa ce shaida. Kullum sai ka tsallake ta.”

Na ga idon Baba ya kawo ruwa. Ya waiwayo ya dube ni, ya ce, “Ke, zo ki zama gaiwa.” Ban san abin da gaiwa take faɗa ba, na dai san kifi ne da ke kwanciya cikin laka duk rani. Sai na kwanta a ƙasa, na yi doguwar hamma, na ce, “Malam, ni tun rani nake barci. Wace shekara ake ciki?”

Gwaggo ta fashe da dariya, irin mai haɗe da tari, har sai da aka tallabo ta zaune. Baba ya ɗaga takobin katako ya ce, “Kotu ta yanke hukunci: mai ɗakin nan ta shanye kunun can!” Ta harare shi, amma ta sha fiye da rabi.

Sati biyu na yi a wurinta, kuma ban bar ta ta huta da tambaya ba. Ashe kakanmu ɗan kama ne, irin masu ba da dariya a kasuwa da wurin biki, an san shi har Kaugama. Uwarsa ma, in ji Gwaggo, in ba ta zo biki ba mata ba sa cewa an yi biki. Baba kuwa tun yana ƙarami shi ke yin tarwaɗa, Gwaggo tana yin gaiwa a gida.

Da ya dawo ɗaukata, muna cikin kwale-kwale na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, me ya sa ka daina?”

Ya ce lokacin da ya je neman auren Inna, danginta malamai ne, sai wani kawunta ya ce a gaban mutane ba za su ba ɗan mai rawanin taru 'yarsu ba. Da ƙyar aka shawo kansu. Tun ranar ya rufe bakinsa, don kada wani ya faɗa wa 'ya'yansa irin wannan magana. Ya ƙara da cewa, “Tsoho bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ni ne na ji kunyarsa, har ya rasu ban nemi gafararsa ba.”

Gwaggo ta ƙara shekara uku a duniya. Baba bai sake naɗa tarun ba, ko sau ɗaya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada mutum ya yi saurin jin kunyar sana'ar da ta raine shi, don wata rana ita za ta yi abin da magani ya kasa. Kuma in kana da tsoho a gida, ka zauna kusa da shi ka yi ta tambaya tun yana iya amsawa. Da na yi shiru a cikin kwale-kwalen nan, da Baba ya tafi kabari da wannan magana shi kaɗai.