Layyar Amurkawa a Ma'adi

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi kaina sauri, shi ya sa ni da makaranta ba mu daɗe tare ba. Wata Alhamis ta ƙarshen Nuwamba, ina ɗan shekara goma ko kusa da haka, na tsaya a ƙofar ɗakin cin abincin wani gida a unguwar Ma'adi ta ƙasar Masar cikin jallabiyar Sallah, ina kallon gasasshen talotalo mai girman ɗan akuya. Nan take na yanke hukunci cewa yau ce Layyar Amurkawa. Ban tambayi kowa ba, don a lokacin ni ne malamin kaina.

Babana kuku ne a gidan wani dogon Ba'amurke injiniya, muna ce masa Hawaga yadda Misrawa ke kiran kowane Bature. Aikina sayo burodi da safe, share ganyen da itatuwan unguwar ke zubarwa, sai kiwon wannan talotalo a bayan kicin, wanda ya sha fafarata har bakin titi kafin Baba ya yanka shi da bisimilla. Sauran yinin ina tare da 'ya'yan masu gadi, muna buga ƙwallon tsumma da muka cusa a safa. Ranar nan Madam, matar Hawaga, ta ce a al'adarsu ba a barin kowa a waje, kowa sai ya zauna a tebur. Baba ya ja ni gefe ya murɗe min kunne, ya tuna min cewa da aikin nan gidanmu ke ci. "Ka ci, ka yi shiru. Khalas, shi ke nan."

Kafin a taɓa nama Hawaga ya miƙe ya ba da labari, Baba yana juya min ƙasa-ƙasa. Wai kakanninsu sun ƙetaro teku a jirgin katako, suna neman inda za su bauta wa Allah ba mai taka musu wuya. Sanyi da yunwa suka kashe da yawansu, sai mutanen da suka tarar a ƙasar suka koya musu shuka masara, suka ciyar da su. Wai a yau ɗin nan, a ƙasarsu daga wannan bakin teku zuwa wancan, attajiri da lebura, kowa yana zaune gaban irin tsuntsun nan saboda wannan labari. Ƙasa guda cur, ba kaka ɗaya ba, ba sarki, labari kawai ya ɗaure su kamar dami. Ga shi kuma a Masar, nesa da gida, muryarsa na rawa.

Sai bakin nan ya kuɓuce. Da Larabcin titi na tambaya, to ina waɗanda suka ciyar da su, su ma suna cin talotalo yau? Ashe Hawaga yana jin Larabci. Cokula suka tsaya. Baba ya sunkuyar da kai, ni kuwa na fara hango shi yana fita da kayansa a ƙulle. Sai Hawaga ya ce jikokin baƙin sun kori masu masaukin daga gonakinsu, kaɗan ne suka saura. Ya ce tun da waɗanda suka kafa ƙasarsu suka furta cewa daidai aka halicci mutane, maganar ba ta bar su sun yi barci mai daɗi ba. Ya yanko cinya ya sa min da hannunsa. Baba ya ƙara shekaru yana aiki a gidan.

Yanzu dogon bene ne a wurin, jikokina kuma kullum suna ganin Amurka a waya, ba ta ba su mamaki. Ni kuwa har yau ban ga abin al'ajabi kamar mutum ya faɗi abin kunyar gidansu a gaban kukunsa ba. Da yammar waccan ranar, a hanyar tashar jirgin ƙasa mai zuwa Helwan, ina jiran mari, Baba bai ɗaga hannu ba. Cewa ya yi mu ma kakanninmu a ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Sudan, wasu bayin Allah suka buɗe musu rumbu. Sai ya ɗora da abin da har ya rasu ban amsa masa ba.

"Kai sarkin tambaya, ka san sunan ko ɗaya daga cikinsu?"