Shaddar Baƙon Malam

Laifina ɗaya ne, kuma yatsu biyu ne suka aikata shi: na murza shaddar da aka kawo wa kakana kyauta, a gaban wanda ya kawo ta.

A bari in yi bayani kafin a yanke mini hukunci. Dangin babana malamai ne a Ƙofar Taramniya. A gidansu ko tari za ka yi sai ka nemi izini. Tun daga bakin titi ake cire takalmi, ido a ƙasa, murya kamar ta mai jinya. Dangin innata kuwa masu sayar da yadi ne a kasuwa. A shagon kawuna, in ka yi shiru na minti ɗaya sai a taɓa goshinka a ji ko zazzaɓi ne. Tun ina firamare nake yin hutu a can, har yatsuna suka haddace yadi. Bana Kawu ya yi alkawarin ni zai bar wa shago in ya tafi sari a makon farko na hutu. Babu wanda ban faɗa wa ba a unguwarmu Runjin Sambo, har masu keke napep.

Ranar Juma'ar da aka ba mu hutu, ni da Baba muka je gaida kakan nawa, wanda kowa ke kira Malam. Na durƙusa a zaure kamar mutumin kirki. Sai ga wani Alhaji, tsohon ɗalibinsa, ya ajiye turmin shadda a gabansa. Malam ya yi addu'a, ya miƙo mini ya ce in kai cikin gida.

Wallahi ban san lokacin da na murza ta ba. Ban san lokacin da na ɗaga ta wajen hasken ƙofa ba. Sai dai na ji muryata, irin ta shago:

"Alhaji, ina kas saye ta? Sun cuce ka. Wagga ko wanki biyu ba ta kaiwa."

Alhaji ya yi wata dariya da ba ta wuce haƙora ba. Baba ya yi mini kallon da har yau in na tuna sai in gyara zama.

Muna shiga gida Baba ya yanke mini hukunci.

"Kasuwa ta ƙare. Hutun ga duk zauren Malam za ka yi shi."

Inna ta leƙo daga madafa. "To ƙarya yay yi?"

"Gidanmu ba a duba kyauta."

"Mu gidanmu ba mu kallo a cuci mutum."

Ni dai ina tsakiya, kowa na nuna ni yana cewa jinin wancan ne.

Washegari Malam ya aika a kira ni. Na tafi ina yafe wa duk wanda ya taɓa cin mini gyaɗa.

"Sarkin kasuwa, matso," in ji shi. "Gaskiya ka hwaɗi jiya?"

"Awo, Malam."

"Wa yat tambaye ka?"

"Ba kowa."

"Ka aza ban san yadi ba? Tun ba a haihi ubanka ba ake kawo mani." Ya ja kunnena, ba da ƙarfi ba. "Mutum ya zo da girmanai, kai ka auna shi da yatsa. Tashi ka tahi gidansu ka ba shi haƙuri."

Na je. Na durƙusa har gwiwata ta yi rami a ƙofar gidan. Alhaji ya ce ba komai, sannan ya rage murya ya tambaye ni ina shagon kawun nawa yake.

Abokaina na gaya musu cewa Malam ya tara dangi, ya ce ba a taɓa haihuwar jika mai basira kamata ba, Baba kuma ya yi hawaye. Abin da ya faru shi ne, Malam ya sa baki, Baba ya rage hukuncin zuwa mako biyu a zaure. Kafin in isa kasuwa Kawu ya je sari ya dawo, ɗan maƙwabcinsa ne ya tsare shagon. Ni ninke yadi aka ba ni har hutu ya ƙare.