Ranar da Malam Ya Rufe Layi Saboda Hannun Bulus

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar maigidana, Malam Habibu, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara 'ya'yansa sukan sa hotonsa a waya, jama'a su yi ta turo addu'a, kafin azahar an wuce wurin. Bana na ce bari ni ma in tofa tawa, tunda ni na zauna da shi, ni kuma na sha fama da kwamfutarsa.

Malam akawu ne a wani kamfanin fata a Challawa. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar hannu sai wane da wane, ya sayo tsohuwar kwamfutar da ofishinsu ya gaji da ita, ya girke ta a falonmu a Dorayi, har ya sa na ɗinka mata riga. Daga baya ya haɗo wata 'yar na'ura mai suna modem, wadda ke jona ta da wayarmu ta girke. In zai shiga intanet sai ta yi ta ƙara kamar an taka mage, shi kuwa yana ta murmushi. Matsalar ita ce layin ɗaya ne. In yana ciki ba mai samun mu a waya, in kuma wani ya ɗaga kan wayar sai komai ya tsinke. Mun sha faɗa a kan haka, kuma har yau ina ganin yawanci ni ce da gaskiya.

Maƙwabcinmu Bulus mutumin kudancin Kaduna ne, yana aiki a kan injin kankare fata a kamfanin su Malam. Matarsa Rahila ƙawata ce, tare muke zuwa cefane. Wata rana injin ya kama hannunsa na dama. Bayan 'yan kwanaki a asibiti yatsun suka fara yin baƙi, likita ya ce sai an yanke daga wuyan hannu, kuma ba a so a jinkirta. Bulus ya ƙi. Ya ce da me zai ciyar da 'ya'yansa? Da ƙyar ya yarda cewa in wani likitan ya duba ya faɗi haka, zai haƙura.

Malam yana da abokin karatu, Dakta Aminu, likitan ƙashi da ke aiki a Jidda. Sai ya aro kyamarar da ofishinsu ke ɗaukar hoton samfurin fata da ita, ya ɗauki hoton hannun ciki da baya, ya kira Dakta ya ce ya jira saƙo. Ranar Asabar ce da hantsi. Kafin ya baro asibiti zazzaɓi ya riga ya rufe Bulus, Rahila kuma ta ce in jikin ya rikice za ta kira gidanmu daga shagon buga waya da ke bakin ƙofar asibitin.

To ga hotuna za su hau layi, ga Rahila za ta nemi layin. Malam ya kunna, modem ya yi kukansa, wani ɗan zane mai shuɗi ya fara jan jiki a fuskar kwamfutar. Ya kai wajen rabi aka ɗauke wuta. Muka tayar da janareta, aka koma daga farko. Na zauna a ƙasa na rungume wayar a cinyata don kada yara su taɓa, alhali ni ce wadda hannunta ke ƙaiƙayin ɗagawa. Da rana ta take na kasa daurewa.

Na ce, "Malam, don Allah ku buɗe layin nan ko na ɗan lokaci. In Rahila tana nemanmu fa?"

Bai ko juyo ba ya ce, "In ta same mu me za mu ce mata? Ba mu da abin faɗa sai wannan ya tafi."

Ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba, kuma tsoro ya cika ni. A gefen kwamfutar ya yi azahar. Sai gab da la'asar hotunan suka gama tafiya. Yana kashe modem wayar ta yi ƙara a cinyata. Rahila ce, tana kuka. Tun ɗazu take kira, Bulus ya fara sambatu, baƙin kuma ya haura wuyan hannu. Na ce ta koma kusa da shi, muna tafe da amsa, alhali ba mu da ita.

Malam ya sake neman shiga, layi ya ƙi. Ya yi ta maimaitawa, gumi na ɗiga daga gemunsa, har ya samu. Amsar Dakta gajeriya ce: a yanke yau, kada a kai gobe, yanzu ransa ake ƙoƙarin ceta. Wuni guda muka yi don mu tsirar da hannun, ga abin da muka samo. Na ce ya kira shagon a gaya wa Rahila, ya fi sauri. Ya ce wannan ba maganar waya ba ce, ya ɗauki makullin babur.

Rahila ce ta ba ni labarin sauran. Malam ya zauna a bakin gado, ya riƙe hannun hagun Bulus, ya ce, "Na samo amsa, ba wadda muke so ba ce. In ka yarda da ni, ka bari su yi." Bulus ya tambaya ko Daktan ya ga hoton da kyau, Malam ya ce ya gani. A yammacin aka yi aikin, amma sai daga ƙasan gwiwar hannu. Wannan tazarar ta ci wa Malam rai har ƙarshen rayuwarsa, yakan ce da hoton ya tafi da wuri da watakila ba a kai nan ba. Bulus kuwa ya yi watanni ba ya amsa gaisuwarsa, Malam bai fasa gaishe shi ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Jikata takan tura hoto Jidda kafin ta ajiye cokali, kuma na san da ya yi murna, don mutum ne mai son sabon abu. Amma bara a waya na ga hoton ƙanena da rubutun ta'aziyya a ƙasa, tun kafin wani ya tako ya gaya mini. Wannan kam da Malam bai yafe ba.

Kwamfutar tuni 'yan gwangwan suka tafi da ita, kamfanin ma an rufe. Bulus yana nan, ya yi gadi a Sharada har ya tsufa, ya aurar da 'ya'yansa duka. Duk shekara a irin wannan makon yakan zo gaishe ni tare da Rahila. Shekaranjiya ya zo da jikansa a kafaɗar hagu, muka yi ta hirar Malam. Da ya tashi tafiya ya tsaya a soro ya ce, "Hajiya, Allah Ya sani, da ta waya ya aiko mini da maganar nan da ban yarda ba. Da yanzu ni ma shekarun rasuwata ake ƙirgawa."