Ƙyallayen Yaya Idirisu da Taswirar Lambun Dungu

Shekarar da aka rufe masallatai da makarantu saboda korona, a cikinta muka binne yayana Idirisu. Ba cutar ce ta ɗauke shi ba, hawan jini ne. Bana shekara biyar ke nan. Ni tela ne a unguwar Lamashegu, na haura hamsin, kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Da hannuna na rubuta wannan, malaminmu ya duba mini.

Yaya bai bar mota ko bene ba. Lambu ya bari a bayan Dungu, filin da mahaifinmu ya roƙa da goro wurin sarkin yankin tun wajen yana daji. Yau gidajen bulo sun kewaye shi ta gefe uku. Filin na gado ne tsakaninmu mu uku: babban yayanmu Alhaji Salifu, da Yaya Idirisu, da ni. Amma Yaya Idirisu ne kaɗai ya san shi. Idan hadari ya haɗu kowa na neman gida, shi babur yake hawa ya nufi lambu, ya tsaya cikin ruwa yana duba inda ruwan ke bi da inda yake kwanciya. Bai yi boko ba. Duk abin da ya gano game da wani wuri, sai ya kafa turke ya ɗaura masa ƙyalle. Daga shagona yake ɗibar ƙyallayen.

"Ba ni ja da baƙi," in ji shi, "fari ina da saura."

Ni kuwa in ce, "Yaya, wai boka ka koma ne?"

"Kai dai ci gaba da ɗinka wandon mutane, ka bar mai aiki ya yi aiki."

Haka muka yi shekaru, ban taɓa tambayarsa ma'anar launukan ba.

Bayan rasuwarsa lambu ya yi damina biyu ba mai kula, ciyawa ta cinye shi. Alhaji Salifu ya ce a yanka fulotai, kowa ya yi gini ko ya sayar. Ba mugunta ba ce, 'ya'yansa na zaune a gidan haya. Sai Rahinatu, babbar 'yar Yaya, ta dawo daga makarantar koyon aikin gona, ta roƙi a ba ta dama. Alhaji ya ce damina uku ya ba mu. Duk ɓangaren da ya yi kyau ya zauna lambu, wanda bai yi ba a yanka shi.

Rahinatu ta zo da wata manhaja a kwamfutarta, ta tsara irin lambun da ke ciyar da kansa: itatuwa su yi wa kayan miya inuwa, ganyen da ya zuba ya koma taki, ruwan sama ya tsaya a gona maimakon ya tsere. Ta zagaya iyakar filin da wayarta, sai ga filinmu a fuskar kwamfuta kamar yadda shaho ke ganinsa. Wasu siraran layuka suka nuna tudu da gangare. Idan ta ja yatsa, inuwar kaɗanyar da ke tsakiyar fili sai ta juya daga hantsi zuwa yamma. Ta sa mangwaro nan, gwanda da kashu can, ta zana inda za a haƙa dogon rami mai tare ruwa. Abin ya yi kyau ƙwarai. A gefe akwai wani gurbi da ta ce na abin da masu filin suka sani ne. Babu komai a cikinsa.

Ranar da muka je sharar fili, turakun Yaya na nan, sun kai arba'in. Rana da ruwa sun wanke ƙyallayen, duk sun koma launin toka. Rahinatu ta tambaye ni, "Baba, waɗannan fa na mene ne?"

Na ce, "Tarkacen babanki ne. Ai ga injinki ya faɗi komai."

Gaskiyar magana, kunya na ji. Ga rubutu ga lambobi a gabana, ban iya karanta ko ɗaya ba, sai na ga kamar in na kawo maganar ƙyalle na nuna ƙauyanci a gaban 'yata. Kuma ni tela ne, na san yadi komai koɗewarsa yana riƙe launinsa a cikin ƙulli, inda rana ba ta kai ba. Da na kwance ƙulli ɗaya da na gani. Ban kwance ba. Na tumɓuke su gaba ɗaya, na ɗora a yelo-yelo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, na kai wa matar Yaya, Memuna, ta yi itacen girki.

Daminar farko ba ta kai tsakiya ba abin ya bayyana. A ɓangaren ƙasa ruwa ya kwanta kwana da kwanaki, gwandar da muka dasa ta ruɓe tun daga saiwa. Wani wuri muka lulluɓe gindin mangwaro da busasshiyar ciyawa kamar yadda tsarin ya ce, gara ta taso ta ci ciyawar ta haɗa da dashen. Kashu kuwa ya yi wata uku bai ƙara ko ɗani ba. Da muka tona, marmara muka tarar a ƙasa, saiwar ta lanƙwashe a kanta.

Da na ba Memuna labari, tana tuƙa tuwo, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ja inda ruwa ke kwana. Baƙi gidan gara. Fari inda marmara ke kusa. Da kun tambaye ni ai da na faɗa muku. Da ina sa turakun a wuta ma na ga launin a cikin ƙullin, na ɗauka kun riga kun kwashe a kwamfutarku." Ta san ma'anar launi, ba ta san mazaunin kowane turke ba. Ni da na san mazauninsu rana ɗaya, ban riƙe ba.

Ina yawan tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga wannan manhaja. Ba na jin zai raina ta. Akwai wani karkataccen layin duwatsu da ya jera a ɓangaren sama, muna yi masa dariya wai ko miƙe layi bai iya ba. Da Rahinatu ta ɗora taswirarta a kan hoton filin, layin ramin da manhajar ta zana ya bi duwatsun nan duk inda suka karkata. Abin da ya ci masa damina goma, ita ta fitar kafin shayi ya huce. Na tabbata zai ja kujera ya ce a nuna masa inuwar watan azumi. Amma na san zai kuma tambaya, "To, ƙarƙashin ƙasa fa, tana gani?" Ba ta gani. Ba ta ma yi da'awar tana gani ba, shi ya sa ta bar gurbin nan a buɗe. Mu ne muka ƙi cika shi.

Dalilin shigata aji ke nan. Rahinatu na aiki a cikin gari, ni ne mai zuwa lambu kullum, kuma na gaji da riƙe abu a ka har in manta. Yanzu in na ga wani abu sai in tsaya a wurin, in taɓa taswira a waya, in rubuta: ruwa ya kwana uku a nan, gara a nan. Ina da jinkirin hannu, wani lokaci kalma ɗaya sai na goge ta sau huɗu. Mun cika wurare sha tara. Ɓangaren sama ya farfaɗo. Zogale ya fi ni tsawo, akwai ayoyo da kuɓewa a inuwarsa, ramin kuma na riƙe danshi har bayan ɗaukewar ruwa. Wannan rabi da duwatsunsa, da 'yar da ta ƙi a sayar, su ne abin da ya saura na Yaya.

Ɓangaren ƙasa kuwa lokaci bai ishe mu mu sake koyonsa ba. Watan jiya damina ta uku ta cika. Alhaji Salifu ya zo da sandarsa, muka zaga tare, ya daɗe a ɓangaren sama yana shafa ganye. Da muka gangara ya ce, "Rahinatu, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Amma magana magana ce." Ba wanda ya yi musu. Masu awo sun zo ranar Asabar, sun kafa nasu turakun na siminti a ɓangaren ƙasa.

Ga abin da muka rasa: gwanda ashirin da biyu, mangwaro mai aure tara, kashu shida, damina guda cur, da rabin filin mahaifinmu.