Tsoho Guan Mai Aron Hanci

Duk unguwarmu a birnin Harbin na ƙasar Sin babu ƙarfen ɗumama ɗakin da buroshin Tsoho Guan bai taɓa ba. Tun yana saurayi, da sanyi ya leƙo, kafin a sako ruwan zafi cikin bututai, yake bi gida-gida yana shafa musu fenti ruwan azurfa. Ƙyalli kam sai wanda ya gani! Amma ranar da ƙarfen ya ɗau zafi, ga tagogi an liƙe da takarda, warin sai ya sa ka hawaye. Shi ko a jikinsa, don fentin ya daɗe da kashe masa hanci. Ko tsamin kabejin da matarsa Guilan ke tsimawa a randa ba ya ji.

Bara jikarsa Tangtang, mai ciwon asma, ta zo hutu, tari ya sarƙe ta sai da aka kwashe ta zuwa asibiti. Uwarta Yanping ta ce, "Baba, muddin fentin nan yana gidan nan, Tangtang ba ta ƙara kwana." Maganar ta ci tsohon nan ƙwarai.

Bana sai ya samo wani sabon fenti, wai ba ya wari, har ma yana tsotse gurɓatar iska. Kai, zo ka ga rawar jiki! Ya kankare tsohon fenti tas, ya bi da samfefa, ya shafa sabon fari fat, yana ta tallarsa a matattakala kamar shi ya haɗa shi.

Guilan ta ce, "Tsoho, kai da hancinka ya mutu, ta ina za ka san ya yi?"

"Naki aikin me yake?"

"Nawa ya saba da tsiyarka."

"To, aro zan yi!"

Ranar da aka sako ruwa, bututai na fara ƙugi ya fice da silifas. Ya jawo mai awara daga bakin titi, ya lallaɓo matar maƙwabci mai tsohon ciki, wai ba hancin da ya kai na mai ciki. Suka sunkuya suna shinshina ƙarfe, shi kuma yana kallon bakinsu.

Mai awara ya ce, "Ni dai ƙamshin miyar gidan nan nake ji. A zubo mana."

"Tafi can, makwaɗaici!"

Mai cikin ta ɗago ta ce, "Kawu, ko ɗis." Ai kuwa tsoho ya daka tsalle har silifas ɗaya ya fita.

Saura alƙali na gaskiya. Da rana Yanping ta iso da yarinyar, ta bar tasi a waje tana jira, jaka ma ba ta ajiye ba. Ta zaga ɗaki, ta durƙusa gaban ƙarfen, ta ja numfashi, ta sake ja. Tsoho ya tsaya a gefe ya zuba mata ido. Tangtang kuwa tuni ta haye cinyar Guilan, numfashinta lafiya lau.

Yanping ta miƙe. Ta cire wa yarinyar safar da ƙanƙara ta jiƙa, ta shanya a kan farin ƙarfen. A garinmu, mai tafiya yau ba ya shanya safa.

"Baba," ta ce, "je ka sallami mai tasi."

Da ƙafa ɗaya ba silifas ya sauka, yana dariya yana share hawaye.