Haɗin Maganin da Surukin Inna Ya Kawo

Shekarar da aka yi wa Inna aikin ciki, a ɗakina na Samaru ta yi jinya, don ni ce kusa da asibiti. Likita ya sallame mu da magani kala biyu, farasitamol da wata 'yar ƙwaya ja. Ya ce kowanne da hanyar da yake kashe zafi, a ba ta su kan lokaci, jan kuma sai ta ci abinci. Ya ja mini kunne kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya. Kwana huɗu muna haka, Inna har ta fara zuwa alwala da ƙafarta.

Sai ga mijin yayata ya zo dubiya. Mutumin nan direba ne fa! Ya yi shekara uku yana jigilar kwalaye zuwa kemis-kemis na Sabon Gari, shi ke nan ya zama likitan dangi. Ya ɗaga maganin ya yatsina fuska kamar an ba shi kunu ba tsami.

"Wannan ne na mai aikin ciki? Ke, sun raina muku wayo."

Washegari ya dawo daga unguwar PZ da haɗin ƙwayoyi cikin farar leda, ja da kore da ruwan ɗorawa, babu kwali balle suna. Na ce, "Yaya, likita ya hana." Ya ce, "Koyarwa kika sani, ki tsaya can." Na ƙwace ledar na jefa bayan kwaba. Sakarci na yi, da masai na zuba ta.

Ashe ina fita makaranta yake zuwa, ya ciro, ya zuba mata a tafin hannu. Inna kuwa ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ce wa suruki a'a. Sai ta ja mayafi ta haɗiye, ta sa masa albarka. Ga na likita ina ba ta safe da yamma, ban san komai ba.

Ranar Laraba na taras da ita duƙe kan fo tana aman jini. Wayyo, ban san da ƙafar da na tari mota ba.

A asibiti aka ce uku cikin haɗin nan dangin jar ƙwayar ne, sun taru sun ci mata tumbi. Leda biyu na jini aka ƙara mata. Da ta farfaɗo likita ya tsaya kanta, ransa a ɓace.

"Mama, wa ya ba ki wannan?"

Na buɗe baki, ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni.

"Ni na aika aka sayo, ɗana."

Likita ya wanke ta tas a gaban 'yan ɗakin, mace mai jikoki goma, ya ce saura ƙiris ta kashe kanta da gangan. Tana kwance tana cewa a yi haƙuri.

Gogan naku, mijin yayata, yana bakin gado, hannu goye a baya, ya sha babbar riga. Na zuba masa ido ina jira ko kunya za ta kama shi. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi. Gyara murya ya yi, ya kaɗa kai.

"Wallahi likita, haka tsofaffin nan suke. Ba sa jin magana."